Mai Sayar da Kayan Miya da Ta Koya Mini Tsara Gari

Bayan an zaɓe mu shugabannin ƙungiyar masu tsara birane da muhalli ta jiharmu, sakatarenmu Bitrus ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da takarda, wai kowa ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa don 'yan ƙungiya su san waɗanda suka ɗora a gaba. Rabin shafi ya ba kowa. Na rubuta sunana, Shu'aibu, haifaffen Minna, na jera makarantun da na yi, na rufe da cewa na yi digiri na biyu a ƙasar Indiya. Da ya karanta sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ciyaman, shi ke nan? Indiya layi ɗaya? Ni fa ina wurin."

Gaskiyarsa. Layin nan ɗaya ya haɗiye shekara biyu da rabi, kuma abin da ke cikinsu ne ya mai da ni abin da nake yau.

Kakana aikin reluwe ne ya kawo shi Minna. Mahaifina, wanda muke kira Baba, awon hatsi yake yi a Kasuwar Kure. Ni ne na fara yin boko mai zurfi a gidanmu. Na karanta tsara birane, na samu aiki a hukumar da ke kula da gine-gine, kuma shekara bakwai aikina ɗaya ne: a miƙo mini jerin gidajen da aka ce sun hau hanyar ruwa, in tafi da gwangwanin jan fenti da 'yan sanda biyu, in zana alamar rusau a bango, in koma mota. Aikin ya ishe ni, na ƙudurta ƙaro karatu. Wani dillalin makarantun waje, Alhaji Tanko, ya nuna mini hotunan wata jami'a mai furanni da dogayen benaye a Delhi. Ofis ya ba ni hutun karatu na shekara biyu, Baba ya sayar da filinsa na hanyar Paiko, na bar matata Hadiza da cikin wata huɗu.

Delhi

Da hantsi na sauka. Wanda aka ce zai tarbe ni bai zo ba. Ina tafe ina taƙama da ɗan Indiyancin da muka tsinta a finafinai, ashe duk kalmomin da na haddace na ƙauna ne da zuciya da alkawari, babu wadda za ta kai mutum adireshi. Na nuna wa wani mai keke takardar makarantar, ya gyaɗa kai irin nasu wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya yi ta zagaye da ni har rana ta take. Daga ƙarshe ya tsaya a gaban wani shagon taya, ya nuna mini sama.

A saman shagon akwai ɗakuna uku da allo mai sunan makarantata. Babu fure ko ɗaya. Wani mutum mai zobba a yatsu, Raju, ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini shayi mai citta. Na tambaye shi ina sashen tsara birane.

"Baɗi za mu buɗe shi," in ji shi da Turanci. "Bana ka yi kasuwanci. Duk karatu ne. Ba ma sai ka riƙa zuwa ba, ka leƙo sau ɗaya a wata ka sa hannu, takardarka za ta fito. 'Yan ƙasarku sun fi son haka."

Na sauko, na tsaya tsakanin tayoyi na kira Alhaji Tanko. Ya saurare ni har na gama.

"Haba Shu'aibu, ba takarda ka je nema ba? In ka dawo Minna wa zai tambaye ka hawa nawa ne ginin?"

Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Mako uku na yi a wani masauki mai ɗaki kamar kabari, ina neman haya. In na kira a waya sai a ce ɗaki na nan, in na isa aka ga fatata sai a ce yanzu-yanzu wani ya kama. Wani mai gida bai ma ɓoye ba, ya ce mutanenmu ƙwaya suke sayarwa, ya rufe ƙofa. A cikin bas in na zauna sai wurin da ke kusa da ni ya zama babu kowa, ko da mutane na tsaye. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba nasu ba ne, nawa ne. Na je wani lambun gwamnati na tsaya gaban furanni na ɗauki hoto, na tura wa Hadiza na ce ga makarantarmu. Ta amsa da cewa ta nuna wa Baba, ya yi ta sa albarka. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na tafi ofishin jakadancinmu neman shawara. Jami'in da na samu ya yi mini bayani a tsanake: bizata a ɗaure take da sunan waccan makaranta, mafita ɗaya ce, in sami makarantar ƙwarai da za ta karɓe ni, sannan hukumar shige da fice ta ƙasar ta yarda a sauya. In ba haka ba, ko in zauna da Raju ko in koma gida. Ina zaune a benci a waje ina juya maganar sai Baba ya kira.

"Lafiya lau, Baba," na ce. "Karatu ya kankama. A gaida mutanen kasuwa."

Ina kashe wayar wani ya taɓa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, ƙarya kake yi. Wanda karatu ya kankama ba ya magana da wannan murya. Wane kasuwa ne za a gaida?"

Na juya na ga wani gajeren mutum mai tabarau, da ƙaramin gicciye a wuya. Na ce Kasuwar Kure. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Minna! Ni ɗan Paiko ne!"

Bitrus ke nan. Ɗan Gbagyi ne, malamin labarin ƙasa a wata sakandare, ya zo koyon zanen taswira a birnin Ahmadabad, sabunta fasfo ne ya kawo shi Delhi. Hausarsa irin ta Paiko ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kuma ban taɓa jin Hausa mai daɗinta ba. Na kwashe labarina duka na ba shi. Bai yi mini dariya ba, bai kuma yi mini jaje ba.

"Akwai wani mata a makarantarmu, Farfesa Mira," ya ce. "Yana da zafi, amma yana da gaskiya. Ɗauko jakarka mu tafi. In ya kore ka, aƙalla ka ga gari."

Cikin jirgin ƙasa

Tun ina yaro nake jin labarin jirgin ƙasa a bakin tsofaffin unguwarmu, amma ban taɓa doguwar tafiya a cikinsa ba sai a ƙasar wasu. Muka sami wuri daura da wani dattijo da matarsa. Muna zama matar ta jawo jakunkunansu ta danne da ƙafa. Bitrus ya raɗa mini, "Kar ka damu, ni ma haka kakata yake yi in ya ga baƙo."

Da azahar ta yi na rasa inda zan yi salla, masu tallan shayi da gyaɗa sai kai-komo suke a tsakanin kujeru. Bitrus ya miƙe ya tsaya a bakin layinmu ya baje hannuwa kamar ɗan sandan hanya, ya hana kowa giftawa har na idar a zaune. Ashe tsohuwar na kallonmu. Ta dubi gicciyen wuyansa, ta dubi carbin hannuna, ta yi wa mijinta magana. Dattijon ya tambaye mu da Turanci ko mu 'yan'uwa ne. Bitrus ya ce ƙwarai. Dattijon ya ce to yaya aka yi addini ya bambanta?

"Doya ɗaya muke ci," in ji Bitrus.

Ban san abin da dattijon ya fassara wa matarsa ba, amma ta buɗe kwanoninta masu hawa-hawa ta zuba mana gurasa da miyar ganye da wani mangwaro mai yaji da ya sa ni hawaye. Tana kallona ina hawayen tana ƙara mini. Wannan ne abinci na farko da wani ya ba ni a ƙasar ba don ya sayar mini da wani abu ba.

Ahmadabad

Ɗakin Bitrus a kan rufin wani bene yake, zafinsa ya fi na Minna a watan Maris. Katifa ɗaya ce, muka raba. Garin kuma yawancin mutanensa ba sa cin nama, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ji ƙamshin tsire. Da yamma mukan zauna a kan rufin muna lissafa abin da za mu ci in mun koma: shi sakwara da miyar agushi, ni tuwon shinkafa da miyar taushe ta hannun Hadiza.

Shi ne ya matsa mini in faɗa wa Baba gaskiya. Na yi kwana biyu ina ja da baya, sannan na kira. Na faɗi komai, har da hoton furanni. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayan Baba.

"Ai na sani," ya ce. "Tanko ya daina bi ta layinmu. Mai awo ba ya rasa gane mudun da aka danna wa gindi. Ina jira ne in ji ko za ka faɗa da bakinka. Yanzu ka sami wanda zai koya maka abin kirki?"

"Ina nema, Baba."

"To nemi. Fili ƙasa ne, wani zai samu. Kar ka dawo mini da takardar da kai kanka kake jin kunyarta."

Farfesa Mira 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura, da silifas a ƙafa. Ta ce an rufe ɗaukar ɗalibai tuni. Na fara roƙo, ta ɗaga hannu.

"Me kake yi a ƙasarku?"

Na ba ta labarin jerin gidaje da jan fenti.

"Shekara bakwai. A cikin gidajen da ka shafa wa fenti, nawa ka shiga?"

Na yi tunani da gaske, don ina son in sami ko ɗaya. Babu.

"To kai ba mai tsara gari ba ne tukuna," ta ce. "Mai fenti ne."

Na ɗauka kora ce, na fara miƙewa. Sai ta ce za ta rubuta wa hukumar shige da fice cewa makarantarsu za ta karɓe ni a zango mai zuwa, amma ba ta yi mini alkawarin za su yarda ba. Kafin nan in ina so in riƙa bin ɗalibanta aikin fili, ba albashi, ba maki. Na kai takardarta tare da fasfona. Jami'in ya karɓa ya ce in jira, in an ƙi kuma kwanaki kaɗan za a ba ni in bar ƙasar.

Aikin filin a wata unguwar talakawa ne da ke bakin rafi. Kowace damina ruwa na shiga gidajen, hukumar birnin ta yanke shawarar kwashe unguwar gaba ɗaya. Farfesa ta haɗa mu da shugabar matan wurin, Shanta, wata gwauruwa mai sayar da kayan miya a kura. Ba ta iya karatu ba. Ranar farko mutane suka taru suna kallona, wasu mata suka ja 'ya'yansu cikin gida, wani ya faɗi wata kalma aka kwashe da dariya. Shanta ta juya ta balbale su da faɗa har wurin ya yi tsit, sannan ta tambayi sunana. Ashe suna da irinsa a can. Daga ranar na zama "Shu'aibu bai", wato ɗan'uwa Shu'aibu.

Tunda ni ba ɗalibi ba ne, aikin da kowa ke gudu shi ne nawa. Ni ke riƙe sandar awo, ni ke shiga kwata har gwiwa. Shanta na gaba, muna biye, gida-gida. A kowane gida sai ta sa mu shiga, mu zauna, mu sha shayi, sannan ta nuna mana a bango inda ruwa ya tsaya bara da inda ya tsaya bara waccan. A nan na ga yadda mutum ke ɗora gadonsa a kan bulo, ya rataye buhun shinkafa a rufi, ya ajiye takardun makarantar 'ya'yansa a leda a saman ƙofa. Na riƙa tuna bangayen da na shafa wa fenti a Minna, ina tambayar kaina me ke bayansu.

Taswirar injiniyoyin birni ta ce rafi ne ke cika ya shigo unguwar. Shanta ta ce ƙarya ne. Ta ja ni da gefen riga har bakin wani sabon titi da aka ɗaga ya fi unguwar tudu, ta yi ta nuni da hannu: ruwa daga nan yake gangarowa, ya rasa hanyar wucewa, ya cika gidaje tun rafi bai ce komai ba. Ɗaliban suka yi murmushi, don injiniyoyi sun yi awonsu da na'ura. Farfesa ta ce mu jira damina ta raba gardama.

A cikin jiran nan Hadiza ta haihu, mace. Na ji kukanta a waya, aka raɗa mata suna Amina ina kan rufin bene. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, da safe ina ɗaura takalmi, wana ya kira. Baba ya faɗi a rumfarsa bayan ya buɗe buhun gero, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Fasfona na hannun hukuma. Ko da yana hannuna, kafin in isa an daɗe da rufe shi. Bitrus ya raka ni wani masallaci a tsohon gari, na yi wa liman bayani da ɗan abin da na iya, ya tara mutane bayan azahar aka yi wa Baba addu'a, mutanen da ba su taɓa jin sunan Minna ba. Da na fito na tarar da Bitrus a bakin ƙofa cikin rana, riƙe da takalmana.

Na kwana uku ban fita ba. Na yanke a raina in an ba ni fasfo gida zan tafi, karatun ya isa haka. A rana ta uku da la'asar na ji takun mutane a matakala. Shanta ce da mata biyu, sun hawo bene huɗu da kwanonin abinci. Ta rufe kurarta a ranar da ta fi ciniki. Suka zauna a ƙasa, suka ja mayafi suka rufe kai, ba wanda ya ce uffan. Ba mu da harshe ɗaya, amma sun san zaman makoki. Sun fi awa guda a haka. Da za su tafi Shanta ta tsaya a kaina ta faɗi wata magana, Bitrus da ya fi ni jin yaren ya fassara.

"Ya ce ruwa ya kusa. Ya ce in ba ka zo ba, wa zai riƙe sanda?"

Washegari na koma.

Ruwan farko mai ƙarfi da rana tsaka ya sauko. Muka ruga bakin titin, ni da Shanta da ɗalibai biyu, muka tsaya a cikinsa. Da idona na ga ruwa na kwararowa daga kan titi kamar an ɓalle madatsa, ya bi lunguna ya shiga ɗakuna, alhali rafi na can ƙasa bai ko kai rabin gaɓarsa ba. Na kafa sanda, ruwa na dukan ƙirjina, ɗaliban na ɗaukar hoto, Shanta na tsalle tana ihu tana nuna titin kamar ta kama ɓarawo.

Ranar da aka kai rahoto gaban hukumar birni, Farfesa ta ƙi yin magana. Ta ce Shanta ce za ta yi bayani, ni in riƙe taswira. Shanta ta yi bayaninta ko gezau. Bayan watanni ana kai ruwa rana, aka yarda a fasa kwalbatoci a ƙarƙashin titin. Layin gidajen da ke cikin rafin sosai aka sauya musu wuri kusa, sauran unguwar aka bar ta.

Takardar izinin zamana ta fito ana saura kwana tara a fara zango. Farfesa ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Ka riga ka yi zango mafi wuya. Saura na cikin aji." Na roƙi ofishinmu na Minna ƙarin wata shida, suka ba ni ba albashi. Hadiza ta riƙe gida da ɗinki. Na gama.

Minna

Amina na da shekara biyu na fara ganinta. Ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙe, ta ce, "Umma, baƙo." Sai da na yi mako ina sayen ta da ƙuli-ƙuli. Alhaji Tanko an ce ya bar gari, ban neme shi ba.

A ofis na roƙi a riƙa ba ni mako biyu in shiga unguwa in ji ta bakin mutane kafin a yanke hukunci a kan kowane gida. Aka sa mini suna Ba'indiye. Wani lokaci a ba ni, wani lokaci a hana. Bitrus ma ya dawo, ya bar koyarwa ya shiga ofishin taswira. A taron ƙungiya muka haɗu da Hajiya Maryam, 'yar Zungeru. Ita da kwafar taswira da hannu ta fara, tana ƙaramar ma'aikaciya, ta yi karatunta da kaɗan-kaɗan tana goyo, daga baya ta yi shekaru tana aiki da ƙauyukan da aka tasa saboda madatsar ruwa. Takan ce duk wanda bai taɓa tsayawa gaban dattijo ya ce masa ya bar kabarin ubansa ba, bai san nauyin layin da yake ja a takarda ba. Mu uku muka tsaya takara, ni shugaba, ita mataimakiya, Bitrus sakatare. Wasu manya na ganin ƙungiya wurin liyafa ce da neman kwangila, suka ce za mu mai da ita kotun talakawa. Da ƙyar muka ci.

Ba mu yi wata biyu ba aka sa wata unguwa da ke gangaren dutse a jerin rusau saboda ambaliya. Muka rubuta da sunan ƙungiya muna roƙon wata ɗaya mu duba, aka ba mu. Muka kira taro a gindin mangwaro, tsakanin cocin unguwar da masallacinta. Bitrus ya shimfiɗa taswirarsa a tebur yana bayani. Wata tsohuwa mai suyar doya, Mama Kande, ta matso ta ƙura wa takardar ido.

"Ɗana, wannan takarda naka bai san unguwan nan ba. Ku biyo ni."

Ta kai mu bayan unguwar, inda wata doguwar katanga ta wani ɗakin biki ta gitta tsohuwar hanyar ruwa ta toshe ta. Muka dubi juna. Mai ɗakin bikin babban mutum ne, kuma a nan ƙungiyarmu ke yin taronta na shekara kyauta.

Kafin yamma waya ta ishe ni. Wani tsohon shugabanmu ya ce, "Shu'aibu, ka bi a hankali. Ba a cizon hannun da ke ba ka tuwo." Na tara Hajiya da Bitrus na ce ban tilasta wa kowa sa hannu a rahoton da zai ambaci katangar ba. Hajiya ta karɓi biro ta riga ni.

"Ni zan je in sami mai katangar," ta ce. "Amma ba ni kaɗai ba."

Da Mama Kande ta tafi. Ban san duk abin da aka faɗa a falon nan ba. Hajiya ta ce mutumin ya fara da faɗa, Mama Kande ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa, "Alhaji, ni ma ɗakina na baya yana kan hanyan ruwa, na sani. Na yarda a rushe. Kai katanga ne kawai, ba wanda yake kwana a ciki." Daga nan ya tambayi faɗin ramin da ake bukata.

Aka fasa katangar aka sa kwalbati, aka gina magudana. Gidaje biyar suka rasa wani sashe, har da ɗakin Mama Kande, sauran suka tsira. Taron shekara kuwa a harabar wata makaranta muka yi shi, a kan bencin ɗalibai, wasu manyan ba su zo ba.

Cikin watan Agusta aka wuni ana tafka ruwa. Washegari da sassafe wayata ta yi ƙara, na ga lambar Mama Kande.

"Mama, lafiya? Ruwa ya shiga?"

"Wane ruwa? Ko tabarmata bai jiƙe ba. Ciyaman, ƙara na kawo. Agwagina tun asuba suna yawo a tsakar gida suna neman inda za su yi wanka, babu. Ku ne kuka kore ruwan, sai ku zo ku san yadda za ku yi da su."

Na ce mata ƙungiya za ta zauna a kan maganar. Da na faɗa wa Bitrus, bai ko yi murmushi ba. Ya buɗe littafinsa ya rubuta ta a matsayin batu na farko a taro mai zuwa.